Daga Hoton Rana da Wata zuwa H₂O: Tarihin Rubutun Sinadarai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ajin sakandare ya taɓa ganin malami ya rubuta H₂O a allo, ya ce ruwa ke nan. Manomi ma yakan ga NPK a jikin buhun taki, mai sayar da magani kuma yakan ga NaCl a jikin ledar ƙarin ruwa. Wannan rubutu ne kamar kowane rubutu. Yana da baƙaƙensa, yana da ƙa'idojinsa, kuma akwai lokacin da babu shi a duniya. Shekarunsa 200 ne da 'yan kai.

Wannan takarda za ta bi tarihin wannan rubutu daga zamanin masu alkimiyya har zuwa yau. Abin da za a gani shi ne, rubutun bai zauna da gindinsa ba sai da ya cika sharuɗɗa uku: ya yi sauƙin rubutawa da bugawa, ya faɗi adadin abin da ke cikin abu, sannan masana su haɗu su yarda da shi. Kowane mataki na tarihin ya zo ne domin cike giɓin da na gabansa ya bari. Ɗalibin harshe zai ga cewa matsalolin da masana sinadarai suka fuskanta ba su da nisa da waɗanda masu daidaita rubutun kowane harshe suke fuskanta.

1.1 Ma'anar wasu kalmomi

Za a yi amfani da kalmomi huɗu a cikin takardar. Ta farko ita ce sinadari tilo, wato abin da ba a iya raba shi zuwa wasu abubuwa daban ta hanyar ƙonawa ko narkarwa ko haɗa shi da wani abu. Zinariya da dalma da farar wuta da iskar oksijin duk sinadarai ne tilo. Ta biyu ita ce haɗaɗɗen sinadari, wato abin da ya samu daga haɗuwar tilo biyu ko fiye, kamar ruwa da gishiri da sukari. Ta uku ita ce ƙwayar zarra, wato mafi ƙanƙantar yanki na sinadari tilo. Idan ƙwayoyin zarra suka manne da juna sai su ba da dunƙule. Ta huɗu ita ce fomula, wato jerin haruffa da lambobi da ke nuna irin ƙwayoyin zarrar da ke cikin abu da kuma yawansu.

2.0 Zamanin alamomin asiri

Mutanen da sun san ƙarafa bakwai: zinariya, azurfa, baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, kuza, dalma da zaiba. Sun kuma san abubuwa bakwai masu tafiya a sararin sama. Sai suka haɗa kowane ƙarfe da ɗaya daga cikinsu. Zinariya ta rana ce, azurfa ta wata, baƙin ƙarfe na Mirrihi, jan ƙarfe na Zuhura, kuza na Mushtari, dalma ta Zuhalu, zaiba kuma ta Uɗaridu. Saboda haka alamar tauraro ta zama alamar ƙarfensa. Mai son rubuta azurfa sai ya zana jinjirin wata, mai son rubuta zinariya sai ya zana rana. Ana ganin irin waɗannan alamomi a tsofaffin kundayen Girkanci na masu alkimiyya, daga baya kuma suka cika littattafan Turai.

Alkimiyya ita ce sana'ar da masu yin ta suke neman juya ƙarfe mai araha ya koma zinariya. Ta bunƙasa a Masar, ta shiga ƙasashen Musulmi, daga nan ta tsallaka Turai ta hanyar fassarar littattafan Larabci a ƙarni na 12. A cikin malaman Musulmi akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin tsara ilimin. Abubakar al-Razi, likitan nan da ya yi aiki a Rayyu da Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya kasa abubuwa zuwa na ƙasa da na tsiro da na dabba, sannan ya sake kasa na ƙasa gida shida. Wannan babban ci gaba ne a fannin rarrabewa, amma bai samar da rubutu na bai ɗaya ba.

Alamomin masu alkimiyya suna da naƙasu uku. Na farko, da yawa daga cikin masu sana'ar da gangan suke ɓoye iliminsu, don kada wanda bai yi zaman almajirci a gabansu ba ya gane. Na biyu, kowa da nasa: abu ɗaya zai iya samun alamomi masu yawa, alama ɗaya kuma ta tsaya wa abubuwa daban-daban. Na uku, alamar ba ta faɗin abin da ke cikin abu. Alamar gishiri ba ta nuna cewa gishiri haɗin abu biyu ne, domin a lokacin ba wanda ya san haka.

Sunayen ma haka suke. An sa wa abubuwa suna bisa kamanninsu ko ɗanɗanonsu. Akwai wanda ake kira sukarin dalma saboda zaƙinsa, alhali guba ne. Akwai hantar farar wuta, saboda launinta ya yi kama da na hanta. Akwai man shanun kwalli, wanda ba shi da wata dangantaka da saniya, kuma yana ƙona fata. Dole ɗalibi ya haddace ɗaruruwan sunaye irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ba wata ƙa'ida da za ta taimake shi.

3.0 Gyaran sunaye a Faransa

Gyara na farko ya taɓa sunaye ne kafin alamomi. A shekarar 1787 masana huɗu a birnin Paris, wato Guyton de Morveau da Antoine Lavoisier da Berthollet da Fourcroy, suka fitar da littafi kan sabuwar hanyar sa wa sinadarai suna. Ƙa'idarsu ita ce, sunan haɗaɗɗen sinadari ya fito daga sunayen abubuwan da suka haɗu suka yi shi. Sun yi amfani da ɗafa-ƙeya don nuna bambanci. A Faransanci, idan farar wuta ta haɗu da ƙarfe ita kaɗai sunan yakan ƙare da -ure, idan akwai oksijin a ciki ya ƙare da -ite, idan oksijin ɗin ya fi yawa ya ƙare da -ate. Da jin ƙarshen kalma mutum zai san wani abu game da haɗin.

Abin da ya ba su damar yin haka shi ne sikeli. Lavoisier yakan auna nauyin komai kafin gwaji da bayansa, ya nuna cewa nauyi ba ya ɓata kuma ba ya ƙaruwa, sai dai abubuwa su sake zubi. A shekarar 1783 ya bayyana cewa ruwa haɗin iska biyu ne, haidirojin da oksijin, bayan an yi shekaru fiye da 2000 ana ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin tushen halitta huɗu tare da wuta da iska da ƙasa. A littafinsa na 1789 ya jera abubuwa 33 da ya ɗauka su ne tilo. Jerin yana da kurakurai, domin ya sa haske da zafi a ciki. Sunan oksijin ma an gina shi a kan kuskure: ma'anarsa mai haifar da asid, don Lavoisier ya zaci kowane asid yana ɗauke da shi. Daga baya aka gano ba haka ba ne, amma sunan ya riga ya kama baki.

A ƙarshen littafin 1787 wasu matasa biyu, Hassenfratz da Adet, sun kawo sababbin alamomi na layuka da da'irori da siffofi masu kusurwa. Ba su karɓu ba, saboda wuyar bugawa da wuyar tunawa. Shi kuwa Lavoisier bai ga ƙarshen aikinsa ba. A lokacin juyin juya halin Faransa an kama shi saboda yana cikin masu karɓar wa sarki haraji, aka sare masa kai ranar 8 ga Mayu, 1794.

4.0 Da'irorin Dalton

Mataki na gaba ya fito ne daga Ingila, a hannun John Dalton, malamin makaranta a birnin Mancesta. Kafin shi, wani Bafaranshe mai suna Joseph Proust ya nuna cewa kowane haɗaɗɗen sinadari yana ɗauke da abubuwansa bisa awo ɗaya tak, ko daga ina aka samo shi. Dalton ya tambayi dalili. Amsar da ya bayar ita ce, kowane sinadari tilo tarin ƙwayoyin zarra ne masu nauyi iri ɗaya, kuma ƙwayoyin suna haɗuwa ne ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu, ko biyu da uku, ba a samun rabin ƙwaya. Ya tsara jerinsa na farko na nauyin ƙwayoyin a 1803, ya buga littafinsa a 1808.

Dalton ya ba kowane sinadari tilo da'ira. Ta oksijin fayau take ba komai a ciki, ta haidirojin tana da ɗigo a tsakiya, ta naitirojin tana da layi a tsaye, ta kabon kuwa baƙa ce ƙirin. Sabon abin da ya kawo shi ne, da'ira ɗaya tana nufin ƙwayar zarra ɗaya mai nauyi sananne. Idan aka jera da'irori uku, ƙwayoyi uku ake nufi. A nan ne alama ta fara faɗin adadi, wato sharaɗi na biyu ya samu.

Sai dai akwai matsala biyu. Ta farko, Dalton ba shi da hanyar sanin ƙwayoyi nawa ne ke cikin dunƙule, don haka ya ɗauki mafi sauƙin zato. Ya ce ruwa ƙwayar haidirojin ɗaya ce da ta oksijin ɗaya. A rubutunmu na yau HO ke nan. Wannan zato ya sa nauyin da ya ba oksijin bai kai ko rabin na gaskiya ba. Ta biyu, da'irorin suna ba masu ɗab'i wahala, domin kowace sai an sassaƙa mata hatimi na musamman, kuma dunƙule mai ƙwayoyi 20 zai cinye rabin shafi.

5.0 Berzelius da haruffan Latin

Wanda ya warware matsalar rubutun shi ne Jöns Jacob Berzelius, mutumin Suwidin, wanda aka haifa a 1779 ya rasu a 1848. Maraya ne tun yana ƙarami. Ya karanta likitanci a Uppsala, ya koyar a Stockholm, amma ya ƙarar da rayuwarsa a ɗakin gwaji yana auna sinadarai. Ya bincika haɗaɗɗun sinadarai wajen 2000, kuma a 1818 ya fitar da nauyin ƙwayar zarra na sinadarai tilo 45. Mai aiki da abubuwa masu yawa haka yana bukatar gajeren rubutu.

A shekarun 1813 da 1814 ya buga shawararsa a wata mujallar kimiyya ta Landan. Ya ce alamomin sinadarai su zama haruffa, domin haruffa suna da sauƙin rubutawa kuma kowace maɗaba'a tana da su. Ƙa'idar ita ce a ɗauki harafin farko na sunan sinadarin a Latin. Idan sunaye biyu ko fiye suka fara da harafi ɗaya, sai a ƙara harafi na biyu, a rubuta shi ƙarami. Ta haka C ta zama kabon, Ca ta zama kalsiyam, Cu ta zama jan ƙarfe, Co ta zama kobal. Haka kuma S farar wuta ce, Si silikon, Sn kuza. Kamar da'irar Dalton, kowace alama tana tsaya wa awo ɗaya na sinadarin. Idan awon ya wuce ɗaya sai a sa lamba.

Zaɓen Latin dabara ce. A lokacin Ingila da Faransa suna yaƙi da juna, kuma kowace ƙasa tana da nata sunan ga ƙarafa. Latin kuwa ba harshen kowace ƙasa ba ne, kuma duk mai ilimi a Turai ya san shi. Wannan ne dalilin da ya sa wasu alamomi ba su yi kama da sunayen da ɗalibi ya sani a Ingilishi ko Faransanci ba. Fe daga ferrum take, wato baƙin ƙarfe. Au daga aurum, zinariya. Ag daga argentum, azurfa. Pb daga plumbum, dalma. Hg kuwa daga hydrargyrum, wanda asalinsa Girkanci ne mai ma'anar ruwan azurfa, wato zaiba.

Rubutun Berzelius na farko bai yi daidai da namu ba. Yakan sa lambar a sama, kamar H²O. Ya kuma ƙirƙiro ɗige-ɗige a kan harafi don nuna oksijin, da gitta layi a jikin harafi don nuna ƙwayoyi biyu. Waɗannan ƙare-ƙare sun faɗi daga baya, saboda sun dawo da wahalar ɗab'i da aka gudu. Masanan Jamus, musamman Justus von Liebig, su ne suka sauko da lambar ƙasa a shekarun 1830, ko da yake Faransawa sun ci gaba da sa ta a sama har cikin ƙarni na 20.

Ba a karɓi tsarin nan take ba. Sai a shekarun 1830 ya shiga littattafan koyarwa na Ingila. Dalton ya ƙi shi har ya mutu a 1844, yana ganin haruffan sun rikitar da abin da da'irorinsa suka fayyace, kuma suna wahalar da ɗalibi kamar koyon baƙon harshe. Amma sauƙi ya yi rinjaye.

5.1 Kanwa da toka a cikin alamomin

Wasu daga cikin haruffan suna ɗauke da tarihin da ya biyo ta Afirka da ƙasashen Larabawa. Alamar sodiyam ita ce Na, daga natrium. Wannan kalma ta fito daga natron, wanda Larabawa ke kira naɗrun, wato dangin kanwa da mutanen tsohuwar Masar suke haƙa a busassun tafkuna, suna wanki da shi suna kuma busar da gawa. Har yau akwai kwari a Masar mai suna Wadin Naɗrun. Kanwar da ake kawowa kasuwanninmu daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga danginsa ce, kuma mafi yawan abin da ke cikinta shi ne wanda masana ke rubutawa Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O. Ke nan Na ɗin da ke cikin fomular kanwa daga sunan kanwar kanta ya samo asali.

Alamar fotasiyam ita ce K, daga kalium, wanda ya fito daga kalmar Larabci ƙilyu, wato tokar tsirrai. Ruwan tokar da mata ke tacewa don miya ko sabulu yana ɗauke da K₂CO₃. Humphry Davy ne ya fara ware sodiyam da fotasiyam a matsayin ƙarafa a Landan a 1807, ta hanyar amfani da wutar batir.

Naitirojin kuwa ya samu suna biyu. Lavoisier ya kira shi azote, wato marar rai, domin dabba ba ta rayuwa a cikinsa, kuma Faransawa sun daɗe suna rubuta shi Az. A yau ɗalibi a Maraɗi ko Garwa yana cewa azote a aji, na Kano ko Kumasi yana kiran sunan Ingilishi, amma dukansu N suke rubutawa.

6.0 Rikicin lambobi da taron Karlsruhe

An yarda da haruffa, amma an yi kusan shekara 50 ba a yarda da lambobin ba. Tushen rikicin shi ne tambayar da ta gagari Dalton: ƙwayoyi nawa ne a cikin dunƙule? A 1808 Gay-Lussac ya nuna cewa mudu biyu na haidirojin yana haɗuwa da mudu ɗaya na oksijin ya ba da mudu biyu na tururi. A 1811 Amedeo Avogadro, mutumin Italiya, ya ba da fassarar wannan: idan zafi da matsi ɗaya ne, mudun kowace iska yana ɗauke da adadin dunƙule iri ɗaya, kuma ƙwayoyin haidirojin da na oksijin bibbiyu suke tafiya. Da wannan fassara ruwa ya zama H₂O babu shakka. Sai dai manyan masana ba su saurare shi ba. Berzelius ya yarda da H₂O, amma ya ƙi yarda cewa ƙwayoyi biyu iri ɗaya za su manne da juna.

Sakamakon haka, wasu suna ɗaukar nauyin oksijin 8, wasu 16. Wasu suna ɗaukar na kabon 6, wasu 12. Fomula ɗaya takan nufi abu kaza a wannan littafi, ta nufi wani abu daban a wancan. August Kekulé ya jera fomula 19 da masana daban-daban suke rubuta asid ɗin ruwan kal da su, a littafinsa na koyarwa.

Don kawo ƙarshen wannan ne aka kira taro a birnin Karlsruhe na Jamus daga 3 zuwa 5 ga Satumba, 1860. Masana wajen 140 suka halarta daga ƙasashe daban-daban. An tashi ba a yanke hukunci ba. Amma a ƙarshen taron an raba wata 'yar ƙasida da Stanislao Cannizzaro ya rubuta a 1858, wadda ta nuna dalla-dalla yadda ra'ayin Avogadro yake warware rikicin. Cikin waɗanda suka koma gida da ita akwai Lothar Meyer na Jamus da Dmitri Mendeleev na Rasha. Da ingantattun lambobin ne Mendeleev ya tsara jadawalin sinadarai a 1869, inda ya jera tilo 63, ya bar gurabe ga waɗanda ba a gano ba tukuna. An gano uku daga cikinsu a 1875 da 1879 da 1886, da siffofi kusa da yadda ya faɗa.

7.0 Fomula ɗaya, abu biyu

Akwai wani giɓi da haruffa da lambobi ba su cike ba. A shekarun 1820 Liebig da Friedrich Wöhler sun bincika wasu sinadarai biyu na azurfa, kowa nasa. Na Liebig yana fashewa, na Wöhler ba ya fashewa, amma awo ya nuna abubuwan da ke cikinsu iri ɗaya ne, yawansu ma ɗaya. A 1830 Berzelius ya sa wa irin waɗannan tagwaye suna isoma. Misali mai sauƙi shi ne C₂H₆O. Wannan fomula tana nufin barasa, wadda ruwa ce mai tafasa a ma'aunin zafi 78. Tana kuma nufin wani sinadari daban wanda iska ne a zafin ɗaki. Kamar kalmomin rama da mara ne: baƙaƙe da wasula iri ɗaya, jeri daban, ma'ana daban.

Mafita ita ce fomula ta nuna wace ƙwaya ce ke riƙe da wace. A 1852 Edward Frankland ya lura cewa kowane sinadari tilo yana da iyakar ƙwayoyin da yake iya kamawa. A 1858 Kekulé da Archibald Couper, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna cewa kabon yana da hannu huɗu, kuma ƙwayoyinsa suna iya kama juna su yi sarƙa. A 1864 Alexander Crum Brown na Edinburgh ya buga zanen haruffa da layuka a tsakaninsu, wanda shi ne kakan zanen da ke cikin littattafan yau. A 1874 van 't Hoff da Le Bel suka ƙara da cewa hannuwan kabon ba a shimfiɗe suke kamar a takarda ba, suna fuskantar kusurwa huɗu ne a sarari. Ta wata fuska hoton da Dalton ya so ya dawo, amma da haruffan Berzelius a cikinsa.

8.0 Karanta fomula a yau

Ƙa'idojin karatun kaɗan ne. Babban harafi yana buɗe sabuwar alama. Ƙaramar lambar da ke ƙasa ta alamar da ke gabanta ce. Lambar da ta biyo bayan baka ta shafi duk abin da ke cikin bakan. Babbar lambar da ke farkon fomula kuwa tana ƙirga dunƙule. Don haka 2H₂ + O₂ → 2H₂O yana nufin dunƙule biyu na haidirojin da ɗaya na oksijin sun ba da biyu na ruwa, kuma idan aka ƙirga ƙwayoyin hagu da na dama za a tarar daidai suke, kamar yadda sikelin Lavoisier ya nuna.

Mu ɗauki takin yuriya, wanda Wöhler ya fara haɗawa a ɗakin gwaji a 1828. Fomularsa CO(NH₂)₂ ce: kabon 1, oksijin 1, naitirojin 2, haidirojin 4. Nauyin kabon 12 ne, na oksijin 16, na naitirojin biyu 28, na haidirojin huɗu 4, jimla 60. Kashi 28 cikin 60 ya kama kashi 46 da ɗoriya cikin 100, kuma 46 ɗin ce ake gani a jikin buhu. A buhun NPK 15-15-15 kuwa, lambar farko ta naitirojin ce, ta biyu ana lissafa ta ne bisa P₂O₅, ta uku bisa K₂O, al'adar da ta samo asali daga yadda masanan ƙarni na 19 suke rubuta sakamakon awonsu.

Ɗalibin Hausa ya san abin da lanƙwasa ɗaya take yi tsakanin kafa da ƙafa. Haka abin yake a nan, sai dai kuskuren yakan kai ga rai. Co ƙarfe ne. CO iska ce mai guba wadda ba ta da launi ko wari, ita ce ke kashe mutane idan aka kunna janareto ko aka hura gawayi a rufaffen ɗaki. CO₂ kuwa ita ce iskar da ke tashi a lemon kwalba. H₂O ruwan sha ne, H₂O₂ ruwan wanke ciwo ne da ba a sha. C₂H₅OH barasa ce, CH₃OH kuwa kaɗan daga cikinta yana makantarwa ko ya kashe. Sunan kasuwa ma bai isa ya faɗi abin da ke cikin abu ba. Kwalli yana iya zama Sb₂S₃, yana kuma iya zama PbS, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa da yawa daga cikin wanda ake sayarwa na dalma ne, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. A ido da a baki kwalli ɗaya ne, fomula ce ta raba su.

Kula da wannan rubutu a yau yana hannun ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, wadda aka kafa a 1919. Ita ke tabbatar da sabon suna da sabuwar alama. A 2016 ta amince da huɗu na baya-bayan nan, wato Nh da Mc da Ts da Og, adadin sinadarai tilo ya kai 118. Ƙa'idar da aka bi wajen ba su haruffa ita ce dai ta 1813.

9.0 Kammalawa

An ga yadda rubutun sinadarai ya taso daga alamomin asiri, Faransawa suka gyara sunaye, Dalton ya sa alama ta faɗi adadi, Berzelius ya mai da ita harafi, taron Karlsruhe ya share fagen yarda da lambobi, sannan zanen layuka ya nuna jerin ƙwayoyi. Rubutun Hausa na boko ma sai da aka yi tarurruka, kamar na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, don a kusanto da ƙa'idojinsa a tsakanin ƙasashe. Bambancin shi ne, a rubutun harshe yardar jama'a ita ce alƙali, a rubutun sinadarai kuwa haruffa ne kawai ake yarjejeniya a kansu, lambobin sikeli ne ke yanke hukuncinsu. Shi ya sa ɗan Sin da ɗan Rasha da Balarabe da Bahaushe, kowa da sunan da yake kiran gishiri da irin baƙaƙen da yake rubuta harshensa, amma idan aka rubuta NaCl duk abu ɗaya suke fahimta.